An gano ƙofa a zuciyata bayan nutson Dahab: in sa a toshe, ko in haƙura da zurfi?

Abdulhadi, Alƙahira:
Assalamu alaikum. Na daɗe a wannan zaure ina karatu ban taɓa buɗe magana ba, yau larura ta sa. Sati uku ke nan da abin ya same ni, har yanzu na kasa tsayar da shawara.

Shekarata shida ina nutso, biyu daga ciki a nutson zurfi da tirimiks, wato haɗin oksijin da hiliyom da naitirojin da ake shaƙa a can ƙasa. A Dahab, bakin Bahar Maliya a Masar, muka sauka mita 60, muka yi minti 20 a ƙasa. Iskar da na shaƙa a can oksijin kashi 18 ne, hiliyom kashi 45, sauran naitirojin. Da muka taso na koma kan mai oksijin kashi 50 a mita 21, sannan zallar oksijin a mita 6. Ban tsallake zango ko ɗaya ba, wato tsayawar da ake yi a hanyar tasowa don iskar da jiki ya sha a zurfi ta fita a hankali. Kwamfutar hannuna ta sallame ni, na ma ƙara minti biyar a kai don kwanciyar hankali. Abokin nutsona kafaɗa da kafaɗa muka yi komai, kuma shi ko ciwon kai bai yi ba.

Na fito na hau tudu da tagwayen silinda a baya, na koma na kwaso na gefe guda biyu na loda a bayan mota. Kamar minti 40 da fitowa cikina ya soma ƙaiƙayi, irin na can ƙarƙashin fata, in na taɓa kuma zafi kamar an tsula mini bulala. Na ɗaga riga ban ga komai ba. Sai da na haska fitilar waya na ga shati-shati, nan ya yi duhu can ya yi haske, kamar zanen taswira, daga cibiya har gefen haƙarƙari. Kafin in gama kallo jiri ya kwashe ni, kunnena na dama ya toshe, na dinga amai. Aka sa mini oksijin aka kai ni ɗakin matsi, inda ake mayar da mutum cikin matsin iska irin na ƙarƙashin ruwa don a yi masa magani. Zaman farko ya kusa awa biyar, sai gajeru biyu a kwanakin da suka biyo. Alhamdulillah jirin ya tafi, jin kunnen ma ya dawo sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Da na dawo Alƙahira likitan zuciya ya yi mini eko, wato hoton zuciya na na'urar sauti, da kumfa, ya ce ina da PFO, wato ƙofa tsakanin ɗakunan zuciya biyu na sama, babba kuma. Ya ba ni zaɓi uku: in daina nutso, ko in tsaya a saman-saman ruwa, ko a toshe ƙofar. Wanda ya san wani abu a kai don Allah ya taimaka mini.

Malam Garba, Fatakwal:
Wa'alaikumus salam. Sannu ƙanena, Allah ya ƙara sauƙi. Shekarata 22 ina aikin ƙarƙashin ruwa a rijiyoyin mai, walda da yanka da duba bututu, don haka bari in faɗa maka gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Ni ban yarda zuciyarka ce mai laifi ba. Kai da bakinka ka ce ka fito daga mita 60 ka kama dakon silinda huɗu a tudu. A wurinmu wanda ya fito daga aiki mai zurfi ko bokiti ba a barinsa ya ɗauka, zama yake kusa da ɗakin matsi ana kallonsa. An ce mutum ɗaya cikin huɗu yana da wannan ƙofa. To da ita ce ke kawo ciwon, ai da ɗakunan matsi na duniya ba su taɓa zama babu kowa ba. Abin da ba na so shi ne yadda samari yanzu suke gudu a taɓa musu zuciya, alhali gyaran hali ne ya kamata.

Dakta Bilkisu, Ingila:
Sannu Abdulhadi. Ni likitar zuciya ce, ina ɗan taɓa nutso amma ban wuce mita 30 ba. Abin da zan faɗa ba zai maye gurbin likitan da ya ga hotonka da idonsa ba.

Malam Garba, maganarka da gaskiya a ciki, sai dai dakon silindan da ƙofar ba kishiyoyi ba ne, hannu ɗaya suke aiki. Jariri a ciki ba da huhunsa yake numfashi ba, ta cibiya yake samun oksijin daga uwa. Saboda haka akwai 'yar ƙofa mai marfi tsakanin ɗakunan zuciya biyu na sama, jini yana tsallakawa daga dama zuwa hagu ba sai ya bi ta huhu ba. Da ya faɗo ya tsala kukan farko, matsin ɓangaren hagu ya ƙaru, marfin sai ya kwanta, a hankali ya manne. A wasu mutane yana kwanciya amma ba ya mannewa. Shi ne PFO. A 1984 likitocin asibitin Mayo a Amurka sun duba zuciyar mamata 965, suka samu kashi 27 cikin ɗari ƙofarsu ba ta manne ba. Yawancinsu sun rayu sun mutu ba su ma san da ita ba.

Mai nutso kuwa, kusan kowa in ya fito daga zurfi akwai ƙananan kumfa a jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya. Hanyarsu ita ce dama, sannan huhu, huhu ya tace su kamar rariya su fita ta numfashi. To in ka yi nishi, ko ka ɗaga kaya mai nauyi, ko ka yi tari mai ƙarfi, a daidai lokacin da ka saki numfashin jini yana tuɗaɗowa ɓangaren dama da yawa, matsinsa ya rinjayi na hagu na ɗan lokaci, marfin ya ɗaga. Kumfan sun tsallake rariya ke nan, sun faɗa jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa da laka da can cikin kunne da fata. Suna isa su tarar da wuraren nan har yanzu cike suke da iskar da suka sha a zurfi, sai kumfan su ƙara kumbura. Kumfa kuma ba a daidai fitowa suke fin yawa ba, daga rabin awa zuwa awa ɗaya ne, wato daidai lokacin da Abdulhadi yake hawa tudu da kaya.

Game da ɗaya cikin huɗu: ba duk ƙofa ce ƙofa ba. A binciken Mayo matsakaicin faɗinta kusan milimita 5 ne. Dakta Peter Wilmshurst na nan Ingila, wanda tun 1986 yake bin wannan magana, ya auna ta masu nutson da aka toshe wa bayan ciwon ya kama su, ya ga tasu ta kai kusan milimita 10. Wani bincike da aka yi a Suwizalan kan masu nutso 230, aka buga a 2004, ya nuna mai ƙofar ya fi haɗarin mummunan ciwo kusan ninki biyar, amma ko a hakan lissafin bai wuce kamar sau 5 a nutso 10,000 ba. Shi ya sa ɗakunan matsi ba su cika ba. Sai babbar ƙofa ta haɗu da kumfa masu yawa, kuma nutson tirimiks kumfa yake haifarwa ba kaɗan ba.

Nura, Birnin Kebbi:
Ku gafarce ni manya, ni ɗan koyo ne. Masuntanmu na Argungu da na Yawuri kullum cikin nutso suke, wasu har tsufa, ban taɓa jin wannan ciwo a wurinsu ba. Me ya bambanta?

Malam Garba, Fatakwal:
Nura, su numfashi ɗaya suke ɗauka daga sama su riƙe, minti ɗaya ko biyu sun fito, ruwan kuma ba zurfi. Mu a ƙasa muke shaƙar iska mai matsi. Kowace mita 10 tana ƙara maka nauyin iskar duniya guda, a mita 60 ninki bakwai ke kanka, jini yana ta shan naitirojin kamar yadda lemon kwalba yake riƙe gas kafin a buɗe. Kuma daɗewa tana da nata. Ka tuna Harrison Okene, kukun jirgin Jascon-4 da ya kife a tekunmu a watan Mayu 2013? Kusan awa 60 ya yi a 'yar iskar da ta maƙale cikin jirgin, a zurfin mita 30. Da aka same shi da rai ba a isa a fito da shi kai tsaye ba, da ya mutu. Ta ƙararrawar nutso, wato rufaffen ɗakin ƙarfe mai riƙe matsi da ake saukarwa ƙasan ruwa, aka ɗauko shi, ya ƙara kwanaki a ɗakin matsi kafin ya shaƙi iskar waje.

Dakta, na ji bayaninki kuma na karɓa. Amma har yanzu ina kan bakana cewa da bai ɗauki kayan nan ba da wataƙila ba mu nan muna wannan magana.

Usman, Bur Sudan:
Salamu alaikum jama'a, Allah ya ba ka lafiya ɗan uwa. Kafin yaƙi ya tsayar da komai na yi shekaru ina raka baƙi a jiragen da ke kwana a teku, daga Umbria, jirgin Italiya da ke kwance kusa da gari tun 1940, har Sha'ab Rumi inda Cousteau, Bafaranshe mai binciken teku, ya kafa gidansa na ƙarƙashin ruwa a 1963. Abin da ya fi tsorata ni a aikin nan shi ne nisa. Abdulhadi ya yi sa'a a Dahab abin ya same shi, taimako na kusa. A tsakiyar teku abin da ke hannunka kwalbar oksijin ce da addu'a, tudu kuma sai an yi awanni. Don haka ra'ayina: duk wanda zai fara tirimiks a tilasta masa wannan gwaji. Mutum zai kashe kuɗin mota a kan kaya da kwas, amma a ce gwajin rabin awa ya yi yawa?

Dakta Bilkisu, Ingila:
Malam Usman, na fahimci zafin da ke cikin maganarka, amma akwai abin dubawa. In ka gwada mutum ɗari za ka samu kusan 25 da ƙofa, mafi yawansu ƙanana da ba za su taɓa cutar da su ba. Ka tsorata su, wasu su rasa aikin da suke ci da iyali, wasu a yi musu aikin zuciyar da ba su buƙata. Sauran 75 kuma su tafi da tunanin sun tsira, su ƙara zurfi. A 2015 ƙungiyar likitocin nutso ta Kudancin Pasifik, SPUMS, da kwamitin likitocin nutso na Birtaniya sun fitar da matsaya ta haɗin gwiwa, suka ce ba a gwada kowa da kowa. Wanda za a duba shi ne wanda ciwon ya taɓa kama shi a ƙwaƙwalwa ko laka ko cikin kunne ko fata, ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, ko wanda ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa ba a gano dalili ba, ko wanda aka haifa da wata matsalar zuciya, ko wanda iyayensa ko 'yan uwansa na ciki ɗaya ke da irin ƙofar.

Usman, Bur Sudan:
Dakta, ranki ya daɗe, wannan lissafin jama'a ne. Ni mutum ɗaya nake gani kwance a kan katakon jirgi ya kasa motsa ƙafa. Mai iyo a mita 12 yana kallon kifi ban ce a gwada shi ba. Amma mai zuwa mita 80 da awa biyu na zango a kansa?

Dakta Bilkisu, Ingila:
A nan ba zan ja da kai sosai ba. In irin wannan mutum ya zo da kansa ya ce yana son sani, bayan an zaunar da shi an gaya masa abin da sakamakon zai iya jawo masa, ni zan yi masa. Tilastawar ce ban yarda da ita ba. Kuma a yi gwajin daidai. Ana kaɗa ruwan gishiri na asibiti tsakanin sirinji biyu har ya yi fari da kumfa, a tura ta jijiyar hannu, mutum ya toshe hanci ya yi yunƙuri ya saki, a kuma sa shi ya shaƙi iska da ƙarfi ta hanci, ana kallon ko kumfa za su bayyana a hagu. Eko na yau da kullum babu kumfa babu yunƙuri yana iya cewa lafiya lau alhali ƙofar tana nan.

Abdulhadi, tambaya biyu: kana ciwon ɓarin kai? Kuma wannan ne karo na farko da fatarka ta yi haka?

Abdulhadi, Alƙahira:
Dakta, kin taɓo inda nake ta kaucewa. Tun ina sakandare nake ciwon ɓarin kai, kafin ya zo sai in ga wani haske yana rawa a gefen ido kamar haƙoran zarto, wajen minti 20. A takardar lafiya ta kwas ban rubuta ba, don ban ɗauka yana da alaƙa da ruwa ba.

Fatar kuma karo na uku ke nan. Na farko bara ne bayan mita 45. Na nuna wa wanda ke koyar da mu, ya duba a cikin inuwa ya ce bai ga komai ba, ƙila rigar nutso ce ta matse ni. Na biyu ban gaya wa kowa ba. Saura nutso biyu in kammala kwas, na ji tsoron a dakatar da ni. Na sha ruwa na kwanta, da safe ya baje. Ko matata sai a satin nan ta ji.

Malam Garba, Fatakwal:
Innalillahi. To ka ga wannan ya fi dakon silinda ɓata mini rai. Jikinka ya yi maka sallama har sau biyu ka ƙi amsawa. Ba faɗa nake maka don in ƙara maka ciwo ba, na san wannan tsoron, a wurinmu ma mutum yana ɓoye ciwon kafaɗa don kada a cire shi daga jerin masu shiga ruwa ya rasa alawus. Akwai abokin aikina da ya yi shiru da dindirisin ƙafa har dare, yana cewa gajiya ce. Da asuba fitsari ya ƙi fita. Ya warke, amma har yau da sanda yake tafiya, kuma da ya yi magana da la'asar da labarin ya bambanta.

Na janye maganar da na yi cewa zuciyar ba ruwanta. Sau uku, a kan tsari mai kyau, abokinka lafiya kai ba lafiya, ai wannan ba hali ba ne kaɗai.

Dakta Bilkisu, Ingila:
Na gode da ka faɗi gaskiya, Abdulhadi. Ku lura da abin da ya ce, mai koyarwa ya duba a inuwa bai ga komai ba. Hotunan wannan shati da ke littattafan kwas kusan duk na farar fata ne, ja da shuɗi ɓaro-ɓaro. A fatarmu ba haka yake fita ba, duhu-duhu ne da sai an kai shi haske mai kyau, wani lokaci ma hannu ne zai gaya maka kafin ido: wurin ya yi tauri, da zafi in an danna. Ƙaiƙayi mai zafi a ciki ko ƙirji ko cinya bayan nutso mai zurfi, a sa oksijin a kira likitan nutso, ko an ga shati ko ba a gani ba.

Maman Ilham, Kaduna:
Ni ba na shiga ruwa, maigidana ne ke yi, ta dalilinsa nake nan. Ƙanena Abdulhadi, kowa yana maganar milimita da kumfa, ni matarka nake tunani. Malam Garba abincinsa ne a ruwa, kai kuwa sha'awa ce. Allah ya ce kada mu jefa kanmu cikin halaka da hannunmu. Lafiyarka lau a tudu, likita ya ce ƙofar ba za ta hana ka komai ba in ba ruwa ba, to me zai sa a zura maka ƙarfe a zuciya don ka koma inda ka kusa rasa jinka? Duk ranar da maigidana ya shiga ruwa ba na iya cin abinci sai na ji muryarsa. Ka tambaye ta abin da take so kafin ka tambaye mu.

Abdulhadi, Alƙahira:
Yaya, maganarki ta shige ni, kuma ba ni da amsar da za ta ture ta. Abin da zan iya cewa kawai, a mita 50 inda hasken rana ya koma shuɗi, ba ka jin komai sai numfashinka, ban taɓa samun natsuwa irin ta wurin ba. Amma kin yi gaskiya, ba ni kaɗai ke da ni ba.

Sadiƙ, Jidda:
Ni an toshe mini shekara biyu da suka wuce, bari in faɗi yadda ta kasance, daɗi da rashinsa. Ba tsaga ƙirji ake yi ba. Ta jijiyar matsematsin cinya aka zura siririyar roba har zuciya, aka saki wani abu mai kamar faifai biyu na saƙar waya, ɗaya a hagu ɗaya a dama, suka damƙe marfin a tsakiya. Nawa samfurin da ake kira Amplatzer ne. Bai kai awa ɗaya ba, washegari na koma gida da ɗan kumburi a cinya. Na yi watanni ina shan asfirin da wani maganin hana daskarewar jini. A sati na uku zuciyata ta dinga bugawa ba tsari cikin dare, kamar tsuntsu a keji, har na je asibiti a tsorace. Ya lafa daga baya. Da aka sake gwajin kumfa bayan wata uku, wasu suna tsallakawa har yanzu, likita ya hana ni ruwa. Sai a gwaji na gaba aka ga ta rufe. Na koma tirimiks, amma na tsawaita zangona na sama, kuma ba na ɗaukar komai sai na huta.

Dakta Bilkisu, Ingila:
Labarin Sadiƙ shi ne yadda abin yake. Rikicewar bugun zuciya tana faruwa ga wasu a makonnin farko, akwai zubar jini a cinya, kuma ko da yake ba kasafai ba, na'urar tana iya gocewa. Ba a komawa ruwa sai an sake gwajin kumfa, aƙalla wata uku bayan aikin. Toshewar kuma ba ta hana kumfa samuwa, hanya ɗaya kawai ta rufe musu. Ciwon gaɓoɓi na nan, kuma a wasu mutane kumfa suna iya ratsawa ta cikin huhu ma in an motsa jiki da ƙarfi.

Zaɓi na tsakiya ma kada a raina shi: kada ka wuce mita 15, nutso ɗaya a rana, babu mai buƙatar zango, ka shaƙi naitiroks, wato iskar da aka ƙara wa oksijin, amma ka yi lissafi kamar iska ce ta yau da kullum, kuma awa uku bayan fitowa babu ɗaga kaya. Da irin tarihinka, tirimiks da buɗaɗɗiyar ƙofa kam a'a. Ka kuma tabbatar da likitanka PFO ce ba ASD ba, wato rami na sosai a bangon, don shi hukuncinsa daban ne ko da ba ka nutso. Sannan likitan kunne ya duba ka, don raunin cikin kunne shi kansa yana iya hana komawa ruwa.

Abdulhadi, Alƙahira:
Na gode muku duka. Jiya mun zauna da matata har dare, na karanta mata duk abin da kuka rubuta, har na Yaya Maman Ilham. Mun tsaya a kan ba zan taɓa ruwa ba wata shida, kuma ranar Talata tare za mu koma wurin likitan, ita ma ta yi tambayoyinta. Na kira ƙanena da ya fara koyon nutso a Legas na ce ya gaya wa likita an samu ƙofar a wansa kafin ya ƙara zurfi. Maganar toshewa ban yanke ba tukuna.

Malam Garba, Fatakwal:
Madalla, Allah ya zaɓa maka mafi alheri. Wata alfarma nake nema: in ka ɗauki hoton shatin nan a ranar, ka turo mini. Ina da yara shida da nake horarwa, duk baƙaƙe irina, ban taɓa samun hoton da zan nuna musu a irin fatarsu ba.

Abdulhadi, Alƙahira:
Abokina ya ɗauka a mota kafin jirin ya kama ni. Na turo maka ta saƙon sirri, Malam, guda uku ne. Na biyun ya fi fitowa, ka duba gefen hagu ƙasa da haƙarƙari.